Gwadon Yaya Sale da Karen Buzaye

A Maraɗi aka fara cutata, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa. Na shekara sittin da ɗoriya ina tsokanar mutanen garinmu Toranke, har na ɗauka babu wanda ya kai ni wayo. Sai da na tsallaka iyaka na gane wayon nawa na cikin gida ne, ba ya jure hanya.

Kare ne ya fitar da ni daga gida. Yayana Sale shi ya riƙe shanun gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Ni kuwa tun ina yaro na gano kiwo yana sa ciwon ƙafa, sai na koma dillancin awaki a kasuwar Gaya da gadin inuwar darbejiya. Ana nan idon Yaya ya fara dushewa. Aka yi magani, aka yi aiki, bai yi ba. Har ta kai saniya sai dai ya gan ta kamar tulin duhu, ko da yake ya san kowacce da kukanta da takunta. Wata damina shanun suka kuɓuce masa suka shiga dawar wani mutumin Gafasa, suka yi mata ƙwal. Aka yi ta zaman sulhu gaban mai unguwa. Daga nan 'ya'yansa suka taru, babbansu Nura, mai sayar da wayoyi a Kano, ya yanke cewa za a sayar da shanun kafin wata shukar ta fito, Baba ya zauna a zaure ya huta.

Yaya ya bar su suka gama. Da suka watse ya kira ni, ya ce ranar da aka kaɗa shanun nan zuwa kara, a wuce da shi maƙabarta kawai, kada a yi wahala biyu. Ya ce da yana saurayi ya taɓa yin wani kare na Buzaye, wanda in ya zaga garke sau ɗaya babu saniyar da za ta leƙa gonar mutum. In ya samu irinsa, shi ya kawo kunne, kare ya kawo ido, sun isa.

Da Nura ya ji, sai ya buɗe waya. Ashe irin karnukan nan masu kuɗi suna gasarsu a Abuja, ana zagawa da su fili kamar amare, ana ba da kofi. Nan take ya sauko. Ya ce in na kawo mai kyau, na nunawa a gasa, shi zai sayi dusa da harawa a ɗaure shanun damina guda har karen ya girma. Ya karanta mini kamar mai ba da sautun atamfa: ja kamar yashi, ƙafafu huɗu farare kamar ya sa safa, fari a ƙirji, fari a bakin wutsiya, ciki a ɗame. Ya ce ya ma samo amintaccen mai kiwon su a Maraɗi, a cikin waya.

Yaya kuwa gwadonsa ya ba ni, farin saƙi, wanda yake lulluɓa da shi tun kafin a haifi Nura.

"Tanko," ya ce, "karen Buzu mutum ɗaya yake sani. Wanda ya tashi cikin warinsa, shi ne ubangidansa har ya mutu. Tun ranar da aka ba ka shi ka naɗe shi a cikin wannan. Kada ka rufa da shi, kada ka yi matashi da shi. Na san halinka."

Amintaccen na Nura wani ɗan gaye ne mai baƙin tabarau, a wani gida mai jan ƙofa a bayan tasha. Ya kira ni Alhaji, ni da ban taɓa wuce Wudil da niyyar ibada ba, kuma na amsa. Ya fito mini da kare daidai da karatun Nura, babu abin da ya rage. Na biya, na ja igiya ina tafiya ina jin kaina. Ba mu yi nisa ba karen ya tsoma ƙafafu cikin kwata. Da ya fito sai na ga safar tasa ta cire. Farar ƙasa ce aka shafa. Na murza gadon bayansa, tafin hannuna ya yi ja da lalle. A ƙarƙashin kwalliyar, kare ne irin wanda ke bin mahauta a Ajingi. Na koma gidan na tarar da kwaɗo. Karen ya fizge igiya ya shige ta magudanar ruwa, ya bar ni a waje.

Wani mai shayi a bakin tasha ya ga yadda na zauna, ya zuba mini ba tare da na tambaya ba. Ya ce ba ni ne na fari ba, karen nan ya fi wasu 'yan kasuwa ciniki, da an sake shi gida yake komawa a sake yi masa ado. Ya ce in karen gaskiya nake so, sai in bi ta Dakoro in yi arewa, in nemi zangon wani tsohon Buzu mai suna Agali. Duk makiyayan yankin daga wurinsa suke samun iri. Amma ya ce in sani, Agali ba ya sayar da kare, sai dai ya duba mutum ya ba shi, ko ya hana.

Lokacin bazara ne. Daga Dakoro na shiga bayan wata a-kori-kura da aka cika da buhunan gero da jarkoki, mu kuma aka ɗora mu a kai. A gefena akwai wani dattijo Bagobiri, Malam Idi, zai je duba 'yarsa da ke aure a can. Yana tari mai nauyi, amma bakinsa bai mutu ba. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce shi dai ya san Kanawa da bin kuɗi, bai san sun koma bin kare ba. Na ce ai gara mu, Gobirawa ko karen ba zai bi su ba. Muka yi ta yi. Ya raba dabinonsa biyu ya ba ni rabi, ya koya mini yadda ake jiƙa cukwi, busasshen cukun nan na Buzaye, a baki kafin a tauna, don kada sauran haƙoran nawa su tafi.

Motar ta mutu a inda babu ko kargo. Direba ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce wani ƙarfe ne ya karye, ya ɗauki gora ya kama hanya da ƙafa. Muka rarrafa ƙarƙashin motar muna bin inuwa tana gudu. Jarkokin nan da na sa rai, ashe man fetur ne. Ruwan da ke hannun mutane aka koma sha da murfin gora. Kwana ya yi, wani ya bi. Na tuna randar tsakar gidanmu, wadda nake wucewa ko kallo ba na yi, har na ji sanyin gindinta a tafin ƙafata. Malam Idi ya daina tsokana. Da rana ta take, ya miƙo mini murfinsa na ruwa, ya ce in sha, shi ya ƙoshi. Na sha. Kafin la'asar ya cika, kansa a kan cinyata.

Babu ruwan wanka, aka yi masa taimama. Aka tona rami da faranti da wani ƙarfen mota. Sai maganar likkafani ta tashi. Kayan jikinsa sun ɓaci da jinin tari. Kowa ya duba jakarsa, babu mai farin ƙyalle. Wani ya zazzage gero ya kawo buhun leda mai zanen kamfani, ya ce lalura ce, Allah ya gani. Ni ina zaune a kan jakata kamar kaza a kan ƙwai. Na san abin da ke ciki, kuma na san ba nawa ba ne. Na kalli buhun nan, na kalli gemun mutumin da ya ba ni ruwansa. Na tashi na kwance jakar.

Gwadon ya ishe shi har da rara. Muka yi masa salla, muka rufe, muka jera duwatsu. Washegari direba ya dawo a kan raƙumi, da ƙarfe da salkar ruwa.

Zangon Agali tantuna ne na fata a gindin wani tudun yashi, da rijiya mai zurfin da in ka leƙa sai kanka ya juya. Tun kafin in ga mutum na ga karnukan. Sun tsaya daga nesa, dogaye, sirara, haƙarƙari a waje, ba haushi ba kaɗa wutsiya, suna kallona kamar masu karɓar haraji. Agali tsoho ne, idanunsa kawai ake gani ta cikin rawani, yana jin Hausa sarai. Ya ba ni shayi, ya bar ni na yi ta zuba. Da na karanto masa sautun Nura, safa da bakin wutsiya, sai ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Da na zo kan Yaya, sai ya ajiye kofi. Ya tambaye ni shanu nawa ne, wace ce uwar garke, makahon yana magana da su ko duka yake yi, wa zai ba karen abinci, a ina zai kwana. Ya ce in ɗaure shi za a yi a bayan gida ana jifa, in sha shayina in koma.

Ya kai ni ya nuna mini uban yana aiki. Da yamma awaki suka nufi wani kwari, karen ya miƙe kamar an harba kibiya, ya yanke gabansu, ya dawo da su ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Sannan ya kai ni wurin uwar. Ta haihu kwanan nan a wani rami ƙarƙashin ƙaya, 'ya'yan ko ido ba su buɗe ba. Ya buɗe bakinta ya nuna mini yadda haƙoran suka haɗu, ya sa na shafa ƙirjinta in ji zurfinsa. Na miƙa hannu ina janyewa, ina tunanin yawu da wanki bakwai. Ya ce in hannun nawa ya fi ƙarfin taɓa ta, to ya fi ƙarfin ɗaukar ɗanta. Na taɓa.

Sai ya gaya mini al'adarsu. A bazara nono ba ya isa, uwa ba za ta iya shayar da su duka ba, mutane ma da ƙyar. Ɗaya ake bari. Bana ya riga ya zaɓi nasa, amma saboda makaho zai bar na biyu.

"Zaɓi," ya ce.

Na ce sauran fa?

Ya dubi tudun yashi.

Ni da nake dillanci, na saba ɗaga akuya in duba haƙori in ajiye, wadda na ajiye ta koma gida ta ci dusa. Ban taɓa zaɓen da wanda na ajiye zai mutu ba. Na durƙusa ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗumi, kowanne yana neman nono a yatsana. Akwai wata 'yar baƙa mai ƙarfin tsotso, ta kama ɗan yatsana ta ƙi saki. Amma baƙa ce, kuma in na kai baƙa Nura ba zai sayi ko ƙwaryar dusa ba. Akwai ja guda, ƙafafu huɗu farare, da ɗigon fari a bakin wutsiya. Agali ya juya shi, ya ja ƙafafunsa, ya duba dasashi, ya ce ba shi da aibu, jinin ubansa ne. Na zare yatsana daga bakin baƙar. Matar Agali ta zo da ƙwarya ta kwashe sauran, ta zaga bayan tudu. Uwar ta yini tana shinshina ramin.

Da Agali ya nemi tufafin mai kare wanda za a naɗe ɗan a ciki, sai halin nawa ya motsa. Na ciro tsohuwar rigata daga jaka na ce ga ta Yaya. Agali ya shimfiɗa ta a ƙasa. Uwar ta shinshina rigar, ta tako ta shinshina gwiwata, ta koma ta kwanta. Tsohon ya dube ni. Sai na ba shi labarin Malam Idi. Ya ce abin da na yi daidai ne, amma kare ba ya jin labari. Ya ce in nisanci ɗan har a yaye shi, sauran kuma hanya ce za ta yanke.

Na zauna jiran yaye. Ni Tanko, da ko guga ban taɓa ja wa matata ba, na koma bin jaki yana jan wasaki daga rijiya, tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Abinci gero ne da ɗan nono, in an samu. Babu mai jin barkwancina. In na yi tsokana sai su dube ni da tausayi, su ƙara mini shayi. Na yi kewar miyar kuka, na yi kewar faɗan matata, har mutumin Gafasa mai dawa na yi kewa. Kullum ina duban gabas, don na san in hadari ya fara haɗuwa a nan, a gida an yi shuka.

Ranar da zan tafi Agali bai karɓi komai ba. Ya ɗaura wa ɗan karen wata siririyar igiyar fata a wuya, ya ce in ya yi shekara a aiko masa da labari.

Dawowar ta fi zuwan wuya. Na yi niyyar in sa shi a kwali, kada ya shaƙu da ni. A motar farko kwalin ya yi zafi har ya fara kakari, harshe a waje. Na ciro shi. A Dakoro direbobi suka ƙi ɗaukata, wani ya ce motarsa malamai ke shiga. Wanda ya yarda ya ɗora ni a sama tare da tumaki. A tasha in na zauna a benci sai a tashi a bar mini shi. Mai abinci ta ce in tsaya daga can, ta zuba mini a leda ta ajiye a ƙasa. Masallaci kuwa sai daga waje, in ɗaure shi a jikin taya in yi salla yana kuka, mutane suna tsaki. A wani shinge masu kaki suka ce ina takardar kare, na ce ni kaina ba ni da ita, suka tsare ni a rana har sai da suka gaji da ganina.

Daga nan na gane in ina so in isa gida, sai dai kada a gan shi. Na zura shi cikin rigata, a kan cikina, na ɗaure da rawani, na zama tsoho mai tumbi. Wata mai fura a Maraɗi ta ga tumbin yana motsi. Na ɗauka za ta tara mini jama'a. Sai ta juya baya ta tsiyaya nono a murfin kwano, ta turo mini da ƙafa, ta ci gaba da damunta. Haka muka ratso, yana barci a kan zuciyata, yana tsotsar nono daga yatsana, yana yi mini fitsari. Ina jin numfashinsa a fatata, ina sane da abin da ke faruwa, kuma babu yadda zan yi.

Na iso Toranke gero ya kai idon sawu. Shanun suna nan a ɗaure, Nura ya cika alkawari tun da na kira shi daga iyaka. Ya zo daga Kano musamman, ya ɗaga karen yana juyawa yana ɗaukar hoto, yana cewa Baffa ka gama da ni. Yaya yana zaune a zaure. Na ajiye masa ɗan karen a cinya. Ya shafa kan, ya shafa ƙirjin, ya bi ƙafafun da yatsa, fuskarsa ta saki irin yadda na daɗe ban gani ba. Sai ya sunkuya ya shinshina bayansa. Karen ya zame, ya sauka, ya zo ya kwanta a kan ƙafata.

"Tanko, ina gwadona?"

Na gaya masa. Ya tambayi sunan mutumin, ya yi masa addu'a, ya shafa. Ya ce da na dawo da gwadon na bar bawan Allah a buhu, da bai sake yi mini magana ba. Sannan ya juya fuska bango, ya ce a sa wa karen suna Gwado.

Mun gwada komai. Yaya ne kaɗai ke ba shi abinci, ni na ƙaurace wa gidan har na koma kwana wurin surukaina a Kademi. Karen ya ƙi ci, ya tsinke igiya, aka tsince shi a ƙofar ɗakin da nake. Da ya girma ya fito yadda Nura yake so, har mutane na tsayawa kallo. Nura ya zo da mota zai kai shi gasar, Gwado ya nuna masa haƙoran nan masu kyan haɗuwa, ya koma Kano shi kaɗai. Aiki kuwa, jinin ubansa ne. Babu saniyar da ta ƙara sa baki a gonar mutum. Sai dai ba ya fita sai in na fita. In na zauna, ya zauna, ko shanun za su cinye Gafasa gaba ɗaya.

Shi ya sa ba a sayar da su ba, kuma shi ya sa ba a ƙara ganina a inuwar darbejiya ba. Kowace safiya shanu a gaba, Gwado a gefe, ni a baya da ciwon ƙafar da na guje wa tun ina yaro, Yaya kuma riƙe da kafaɗata. Abokaina na kasuwar Gaya suna cewa an aike ni neman wa makaho kare, kuma an samu, har yana sa hula. Ina dariya, don da wani ne ni zan fara faɗa.

Abin da ba na yi wa dariya shi ne lokacin da muke zama hutawa a gindin tsamiya. Yaya yakan zuba nono a tafin hannunsa ya miƙa wajen da yake jin numfashin karen, ya kira sunansa a hankali. Gwado sai ya dube ni. Nonon ya tsiyaye ta tsakanin yatsu, Yaya ya goge hannu a gwiwa, ya ce rana ta yi, mu tashi.

Tun kaka na ba Yaya rigata yake sawa, ni ina sa tasa, ko Allah zai sa karen ya ruɗe. Har yau bai ruɗe ba.